Tallafin Karatu a Waje: Amsoshin Wasiƙunku

Duk shekara da zarar damina ta yi nisa, wasiƙun da ke zuwa mini sai su koma zancen abu ɗaya, wato tallafin karatun digiri na biyu da na uku a ƙasashen waje. Ba mamaki, daga Agusta zuwa Fabrairu ne yawancin ƙofofin suke a buɗe. Na tsamo guda shida. Masu tambayar batirin sola ku yi haƙuri sai mako mai zuwa.

Daga wani matashi a Kurna: "Malam, na gama digiri a Jami'ar Bayero (BUK) da 2:2, wato daraja ta biyu ƙarama, na gama hidimar ƙasa bara. Abokaina sun ce kada ma in ɓata lokacina. Gaskiya ne?"

Ɗana, rabin gaskiya suka gaya maka. Tallafin Commonwealth na Birtaniya 2:1, wato daraja ta biyu babba, yake nema, amma yana karɓar mai 2:2 idan ya riga ya yi mastas. Chevening kuwa, tallafin mastas na gwamnatin Birtaniya, aikin da ka yi suke dubawa: shekara biyu, wato awa 2,800, sannan wata jami'ar Birtaniya ta ba ka gurbi. DAAD na Jamus ma, a kwasakwasan da suka shafi raya ƙasa, aikin shekara biyu suke tambaya. To ka nemi aiki, ko da koyarwa ce a makarantar kuɗi ta unguwarku, ka tabbata an ba ka takardar ɗauka mai kwanan wata, ka adana ta. Ko ka koma BUK ka yi mastas ɗin. Zaman majalisa a bakin titi dai ba ya shiga lissafin awa 2,800.

Daga wata uwa a Rijiyar Zaki: "Malam, ɗana ya samu wani ejan da zai samo masa cikakken tallafi zuwa Kanada a kan naira miliyan ɗaya da rabi. A ba da rabi yanzu, rabi in biza ta fito. Ya ce gurbi biyu ne suka rage. Yaron maraya ne. Ina da sarƙa da 'yan kunne na gwal da na gada. In sayar?"

Hajiya, don girman Allah ki mayar da gwal ɗinki cikin adaka ki kulle.

Ba a sayar da tallafin karatu. Chevening, Commonwealth, na gwamnatin Turkiyya, na Japan da ake nema ta ofishin jakadancinsu, PTDF namu na gida (asusun bunƙasa fasahar man fetur), na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda, duk kyauta ake cike fom ɗinsu. Kwamiti ne yake zama ya tace, kuma mutumin da ya kama ɗaki a saman wani bene a Kano ba shi da kujera a kwamitin nan. Zancen "gurbi biyu suka rage" kuwa kin san shi. Ko a Kantin Kwari mai shago ya ce miki atamfar nan ita kaɗai ta rage, ai kin san akwai dila guda a sito.

Ba labari aka ba ni ba. Shekara uku da suka wuce ɗan yayata ya sayar da babur ɗinsa, ya haɗa da kuɗin adashin uwarsa, ya kai wa irin waɗannan mutane naira dubu ɗari shida. Sai da ya biya sannan na ji, na ce ya kai ni. Ofis ne a hawa na biyu, sanyi na ratsa mutum, ƙananan tutoci jere a kan tebur, ga hoton dusar ƙanƙara a bango. Aka miƙo mana takardar gurbi da hatimi mai ruwan gwal, har da ɗan zare. Na sa tabarau na duba. Adireshin imel ɗin "jami'ar" na Gmail ne, sunan garin kuma an rubuta shi iri biyu a shafi ɗaya. Muka dawo gida na sa yaron ya rubuta wa jami'ar da kansa. Kwana uku suka ba da amsa cewa ba su taɓa jin sunansa ba. Da muka koma benen, an cire allo, wani tela yana shigo da kekunansa. Lambar waya a kashe, mutum ko sama ko ƙasa. Kuɗin ma da sauƙi. Fasfonsa da takardar digirinsa ta asali duk suna hannunsu, wai za a kai "tantancewa". Ya fi shekara yana zirga-zirgar neman madadinsu.

Akwai kuma waɗanda ba sa guduwa, kuma ni a wurina ɓarnarsu ba ta gaza ta masu guduwar ba. Su fom ɗin gaske suke cikewa, wanda yake kyauta, su karɓi kuɗi. Da imel ɗinsu suke buɗe maka asusu, kalmar sirri tana hannunsu, ko an kira ka ganawa ba ka sani ba sai sun ga dama. Rubutun bayanin kai kuwa guda ɗaya ne suke jujjuya wa mutum ashirin, a canza suna da unguwa. Su Chevening suna bi ta kan rubutun da manhajar gano satar rubutu. In ma ya tsallake, ranar ganawa a ofishin jakadanci sai a ce, "Ba mu labarin rijiyar burtsatsen da ka ce ka jagoranci gyarawa a unguwarku," yaro ya saki baki, domin ranar ya fara jin labarinta.

Gaskiya akwai ejan na halak, waɗanda ke nema wa masu kuɗi gurbi a jami'o'in da ake biya, jami'ar kuma ta ba su lada. Wannan ciniki ne, uba ne zai biya kuɗin makaranta daga aljihunsa. Ba shi aka gaya wa ɗanki ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba rashin ilimi ke kai yaranmu hannun mutanen nan ba, ƙyuya ce. Yaro mai digiri zai kwana yana latsa waya, amma shafi uku na sharuɗɗa sun gagare shi karantawa, gara a sayar da gadon uwarsa a biya wani ya karanta masa. Wanda ya kasa wannan, yaya zai yi da littattafan mastas a ƙasar da ba mai ce masa sannu? Mu iyaye ma da laifinmu. Mun saba da cewa komai sai da hanya, sai da "wani na san wani", shi ya sa in aka ce mana abu kyauta ne sai mu raina shi, in aka sa masa miliyan sai mu ce lallai na gaske ne.

Ki zaunar da shi yau bayan magariba. Ya gaya miki sunan tallafin da sunan jami'ar, ya buɗe shafinsu a gabanki, ya nuna miki inda aka ce a biya ejan. Ba zai samu ba. In za ki kashe masa kuɗi, ki yi masa fasfo, ki biya kuɗin taranskirif, wato takardar sakamakon jarrabawoyinsa na jami'a, ki sa masa data. Takardunsa na asali kuma kada su bar gidan.

Daga wani a Hotoro: "Wace ƙasa ce ta fi biyan alawus? Ina so in tara in yi gini, in da hali ma in zauna can."

Malam, kai aiki kake nema, ka ɓata hanya ka shigo layin ɗalibai. Erasmus Mundus na Tarayyar Turai Yuro 1,400 yake bayarwa a wata. In ka buga shi da farashin 'yan canji na Wapa sai ka ji kamar ka zama alhaji, amma ba a Fagge za ka kama haya ba, ba kuma a Yankaba za ka yi cefane ba. Zancen zama can kuwa, Chevening da sharaɗi yake bayarwa cewa ka dawo gida na aƙalla shekara biyu. Masu irin niyyarka na cikin dalilan da suka sa TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta dakatar da tura malaman jami'a waje daga farkon 2025, na baya suka rasa.

Daga wani malamin sakandare a Sharaɗa: "Wata jami'a a Ingila ta ba ni sikolashif na fam 3,000, kuɗin makarantar fam 16,000 ne. In karɓa? Kuma in yi jarrabawar Turanci ta IELTS yanzu?"

Ƙanena, ragi aka yi maka, irin wanda ɗan kasuwa ke yi don kada ka fita daga shago. Saura fam 13,000, ba a zo kan haya da abinci da jirgi da biza da kuɗin inshorar lafiya ba. In ba ka da su a ajiye, ka gode musu ka wuce. Kada ka yarda da masu cewa za ka yi aiki a can ka biya, awa 20 kacal aka yarda ɗalibi ya yi aiki a mako lokacin karatu.

IELTS kuma kada ka yi gaggawa. Kuɗinta ya haura naira dubu ɗari biyu, kuma shekara biyu take yi ta mutu. Jami'o'in Ingila da dama suna karɓar C6 a Turancin WAEC, ka fara duba sharaɗin kwas ɗin da kake so. Abin da ya kamata ka fara bi tun yau shi ne taranskirif, domin shi ne ke cin watanni. Ka kuma jera fasfo da takardar digiri da ta NIN ka duba sunanka. In nan Muhammad ne, can Mohammed, wancan kuma an sa sunan kaka, ka gyara tun kafin a tambaye ka.

Daga wani a Gwammaja: "Ba gara in jira na gwamnati ba?"

Ka nema in an buɗe, amma kada ka zauna jira. Gwamnatin Kano ta farfaɗo da nata a 2023, da ɗalibai 1,001 masu daraja ta ɗaya, aka fara turawa Indiya da Yuganda. Gwamnatin tarayya kuwa ta sanar da dakatar da nata shirin na BEA, wato tallafin yarjejeniyar karatu da wasu ƙasashe, a 2025, bayan ɗalibai sun sha kukan alawus. Tallafin gwamnati da kasafi yake tafiya, kasafi kuma da siyasa. Kafin ka hau jirgi ka nemi wanda ya riga ka zuwa, ka tambaye shi yaushe rabonsa da alawus.

Daga wata ma'aikaciyar lafiya a Gyaɗi-Gyaɗi: "Malam, shekarata 31, ina da 2:1 da aikin shekara biyar. Na nemi Chevening bara ban samu ba, har na yi kuka. Maigidana ya ce in sake, amma ina tsoron barin yarana biyu, kuma Turancina ba irin na 'yan gayu ba ne."

'Yata, share hawayenki. Masu nema sun ninka guraben nesa ba kusa ba, kuma da yawa cikin waɗanda suka tafi sai a karo na biyu ko na uku suka dace. Turancin gayu ba shi ake nema ba. Ki rubuta abin da hannunki ya yi: matan da kika shawo kansu suka fara zuwa awo, su nawa ne, wane mai unguwa kika bi ta hannunsa, me ya canza. Bara ina kyautata zaton kin rubuta manyan kalmomi ne kin ɓoye aikin.

Maganar yara ba zan ruɗe ki ba. Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin masu mastas tafiya da iyali, in ban da masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, kuma Chevening ba ya biyan kuɗin miji ko 'ya'ya. Sauƙin abin shi ne shekara ɗaya ce. Na Turkiyya kada ki wahalar da kanki, a mastas sai wanda bai kai 30 ba. Ku zauna da maigida da Hajiyarki da surukarki tun yanzu, a san wa zai riƙe yaran, wa zai kai su makaranta da Islamiyya, kada a bari sai biza ta fito. Mijin da ya ce ki sake, Allah ya yi masa albarka.

Ki je ki gaida malamin da ya duba miki furojet tun wannan watan, da takardunki a hannu, don ya tuna ki kafin ki nemi ya rubuta miki shaida. A watan Yuni sakamako ke fitowa, ki rubuto mini in ji yadda aka yi.