Tambaya da Amsa: Me ya sa dangin tsiro mai ƙaho bai yawaita ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun ilimin tsirrai a nan Jos. An koya mana cewa tsiro mai ƙaho, wanda littattafanmu ke kira honwot, yana cikin tsofaffin tsirran doron ƙasa. To in haka ne, me ya sa jinsunansa ba su da yawa? Ko ya tsaya cak ne tun zamanin da?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Bai tsaya ba, kuma daɗewar dangi a duniya ba ita ke kawo yawan jinsi ba.

Jinsunan tsiro mai ƙaho da aka sani a duniya ba su wuce 200 zuwa 250 ba, alhali 'yan'uwansa na kusa sun yi masa nisa: gansakukar kan duwatsu ta haura jinsi 12,000, libawot, wani ƙaramin koren tsiro mai son laima, kuma ya haura 7,000. Dukansu ukun ba su da jijiyoyin ɗaukar ruwa irin na dawa ko mangwaro, ba sa fure, da ƙurar iri suke yaɗuwa.

An daɗe ana jayayya kan matsayinsa. A wajajen 2006 ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne cewa shi ya fi kusa da tsirrai masu jijiya, domin ƙahon nasa, siririn tsinken da ke ɗauke da ƙurar iri, yana da 'yan ƙofofin shaƙar iska, kuma yana ci gaba da tsawo daga gindi muddin akwai laima. Daga 2018, da aka gwada ɗaruruwan ƙwayoyin gado, sai hujja ta karkata ga cewa ukun nan dangi ɗaya ne, mai ƙaho shi ya fara ware hanyarsa fiye da shekara miliyan 400 da suka wuce. Saboda haka idan kin ga littafi ya kira shi kakan tsirrai, ki karanta da hattara. Ɗan'uwa ne, ba kaka ba, kuma shekarun da masara ta yi tana sauyawa shi ma ya yi su.

A 2020 aka wallafa cikakken kundin gado (jimillar ƙwayoyin gado) na jinsuna uku na Anthoceros, wani rukuni na tsiro mai ƙaho, wato agrestis da punctatus da angustus. Kundin ƙarami ne, harafi miliyan 120 zuwa 130 ko kusa da haka, na shinkafa ma ya ninka shi kusan sau uku. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ba a ga alamar cewa kundin ya taɓa ninka kansa gaba ɗaya ba. Tsirrai masu fure sun sha yin wannan ninki, kuma yakan ba su rarar ƙwayoyin gado da za su kama sabon aiki. A 2025 masu bincike a Cibiyar Boyce Thompson da ke Amurka suka faɗaɗa aikin zuwa dukkan iyalan dangin. Sun tarar manyan kuromosom ɗinsa, wato zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kai, sun riƙe tsarinsu duk da rabuwar fiye da shekara miliyan 300, amma ƙananan kuromosom na ƙari da na jinsin namiji da mace suna sauyawa da sauri. A ganina rashin ninkin nan yana da hannu a ƙarancin jinsunan, tare da cewa gurbin da yake rayuwa matsattse ne: ƙasa mai laima da ciyawa ba ta riga ta rufe ba.

Ki duba kuma abin da ya ƙware a kai. A jikinsa akwai 'yan ramuka masu yauƙi inda ƙwayoyin bakteriya da ake kira Nostoc ke zama suna kamo masa naitirojin daga iska, kamar yadda ƙululun saiwar wake da gyaɗa ke yi. Sannan a yawancin jinsunan, kowace ƙwayar jiki kuloroflas (koren sashen da ke haɗa abinci da hasken rana) guda ɗaya tak gare ta, a jinsuna da dama kuma a cikinta akwai wani ɗan dunƙule, firenoyid, mai tara iskar kabon don haɗa abinci ya yi sauri. A duk tsirran doron ƙasa shi kaɗai ke da wannan. Binciken masana biyu, Villarreal da Renner, na 2012 ya nuna dunƙulen ya bayyana ya kuma ɓace sau da dama a cikin dangin. Abin da ya tsaya cak ba ya haka. Masana noma ma sun sa masa ido, ko za a iya kai dabarar cikin shinkafa da alkama.

Har kyauta ya yi: a 2014 aka gano cewa ƙwayar gadon da ke taimaka wa tsirran fen, masu jijiya amma marasa fure, ganin haske a cikin inuwa daga mai ƙaho ta tsallaka zuwa gare su.

Shawarata, kada ki tsaya ga littafi. Tsakanin Agusta da Satumba, lokacin da ƙasar Filato ta ƙoshi da ruwa, ki duba gaɓar rafi, gefen kunya da bakin tsofaffin ramukan kuza. Ki nemi ɗan koren faifai mai duhu manne da ƙasa, da siraran ƙahoni a tsaye. In kin ɗaga shi ga haske kika ga ɗige-ɗige masu duhu, Nostoc ne. Ki ɗebo wanda ƙahonsa ya fara tsagewa daga sama, ki sa a ambulan ta takarda, ba leda ba, ki rubuta wuri da rana. Ƙurar iri baƙa takan nuna Anthoceros, rawaya kuma wani rukunin, Phaeoceros, amma sai madubin ɗakin gwaji ya tabbatar miki.