Kujerar girgiza ko lilo mai batir ga sabon haihuwa

Barka da sauka lafiya, 'yar'uwa, Allah ya raya mana. Kin tambaya wanne ya fi dacewa da jaririnki ɗan sati uku, kujerar da ke girgiza da motsin yaro ko lilo mai batir.

Ni dai kujerar zan ce ki ɗauka. Kin san yadda wuta take a nan Garwa, batir kuma kullum cikin saye ake. Kujerar ba nauyi, sai ki ja ta inuwa kina aiki kina leƙensa. Ki nemi mai yadin raga, don zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, mai soso kuwa ƙurajen zafi za ta feso masa.

Abin da ya fi damuna shi ne barci a ciki. Wuyansa bai yi ƙwari ba. In ya yi barci a kishingiɗe, kai na iya rinjayowa gaba, haɓa ta danne ƙirji, numfashi ya toshe ba ko kuka. A 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye kujerun kwantar da jarirai a kishingiɗe masu suna Rock 'n Play guda miliyan 4.7 daga kasuwa a Amurka bayan rasuwar jarirai sama da 30. Irinsu na iya biyo kayan gwanjo, don Allah ki duba sunan kafin ki biya. Da ya soma gyangyaɗi, ki mai da shi shimfiɗa mai tauri, a rigingine, cikin gidan sauro.

Ki riƙa ɗaure masa maɗaurin kullum, kujerar kuma a ƙasa, ba kan gado ko tebur ba. Da ya fara yunƙurin zama, wajen wata 6, ki ajiye ta.