Ƙanena, sanyi ba ya tambayar inda ka taso

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma yi maka murnar samun gurbin karatu, Allah Ya sanya albarka. Ka tambaye ni yadda lokacin sanyi yake a nan Kanada, sai ka ɗora da wata magana da ta tsaya mini a rai. Ka ce kai ba ka jin ɗar, domin mutanen nan hita da iyakwandishan sun sangarta su, jikinsu ya mutu, kai kuwa ka taso cikin wahala ka saba. Zan amsa maka tsakani da Allah, don da irin wannan tunanin na zo, kuma ya kusa ja mini asara.

Ta fuskar zafi, akwai ƙamshin gaskiya a maganarka. Idan mutum ya yi mako ɗaya zuwa biyu yana aiki cikin zafi, jikinsa yana gyara kansa: gumi ya riƙa fitowa da wuri, gishirin da ke bin gumin ya ragu, ruwan jini ya ƙaru, bugun zuciya ya sassauta. Wanda ke fita daga ɗaki mai sanyi ya shiga mota mai sanyi zuwa ofis mai sanyi bai ba jikinsa wannan damar ba. Sai dai sabon nan aro ne. Ka bar zafi na 'yan makonni, ya zube. Ni da nake maka wannan magana, yau digiri 30 yana galabaitar da ni.

Sanyi kuwa wani abu ne daban, kuma nan nake so ka buɗe kunne. Jikin ɗan Adam ba ya sabawa da shi sai ɗan kaɗan. Mutanen Inuit da suka daɗe suna zaune a yankin ƙanƙara, abin da ya rayar da su shi ne tufafin fatar dabbobi da aka ɗinka da basira, da sanin iska, da iya gina mafaka. Ilimi ne aka gada daga kaka da kakanni. Zafin jikinka digiri 37 ne. Da zarar ya faɗi ƙasa da 35, tunani ya fara rikicewa, harshe ya yi nauyi, mugun abin kuma shi ne mai shi ba ya gane yana cikin hatsari. Idan sanyi ya haɗu da iska har ya kai kamar 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da aka bari a buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. A watan Janairu na farko da na yi a nan, na tsaya jiran bas ba hula, ina ganin ai namiji ne ni. Kunnena ya yi zogi, daga baya zogin ya ɗauke, na ɗauka na saba ke nan. Wata dattijuwa ce ta dube ni ta ce kunnena ya yi fari fat, in shiga wuri mai ɗumi yanzu yanzu, kada kuma in murza shi. Ashe ɗaukewar zogin nan ita ce alamar nama ya fara daskarewa. Allah Ya saka wa matar nan da alheri, ban ma san sunanta ba.

Mutanen da ake yabo da juriya, da yawansu mutuwa suke yi ba a ƙirga ba. A Amurka, mace-macen ranakun tsananin zafi sun ragu ƙwarai bayan 1960, lokacin da iyakwandishan ya shiga gidajen jama'a. Don haka ba na yarda a raina waɗannan na'urori, rahama ce, kuma tsofaffi da jarirai da masu ciwon zuciya su suka fi sanin haka.

Inda raunin yake na gaske, a ganina, shi ne rayuwa gaba ɗaya ta rataya a wayar lantarki, mutane kuma sun manta abin da ake yi idan ta tsinke. A Janairun 1998 ruwan sama mai daskarewa ya karya turakun wuta a lardin Kebek na nan Kanada, miliyoyin mutane suka shiga duhu, wasu har makonni. A Fabrairun 2021 sanyi ya rufe jihar Texas ta Amurka, wuta ta ɗauke, hukuma ta ƙirga mutum 246 da suka rasu. Wasunsu ba sanyin ne ya kashe su kai tsaye ba. Sun kunna janareta ko gawayi a cikin gida, ko sun zauna cikin mota a gareji rufe, hayaƙin kabon monoksayid ya ɗauke su, ga shi ba shi da wari ba shi da launi.

Wani abin ya fi wannan ciwo. A ƙarshen Yunin 2021, ƙauyen Lytton da ke lardin British Columbia ya kai digiri 49.6, a Kanada fa. Mutum 619 ne zafin ya kashe a lardin, akasarinsu tsofaffi, a cikin gidajensu, da yawa suna zaune su kaɗai. Haka aka gani a Chicago a 1995, inda sama da 700 suka mutu, haka a Faransa a Agustan 2003, kusan 15,000. Duk inda ka duba, za ka tarar da tsoho a ɗaki shi kaɗai, ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Jin daɗin zamani ya sa kowa yana iya rufe ƙofarsa ya yi shekara bai nemi maƙwabci ba, ranar da yanayi ya juya kuma babu mai leƙo shi. Wannan ya fi taurin jiki ko laushinsa tayar mini da hankali, kuma ɗalibi baƙo da bai san kowa ba yana cikin masu wannan hatsarin.

Saboda haka idan ka zo, ka sa tufafi hawa-hawa, na ciki kada ya zama auduga domin tana riƙe gumi ta sanyaya ka. Hula mai rufe kunne, safar hannu, takalmin da ruwa ba ya shiga. Ka duba hasashen yanayi kafin ka fita, musamman ƙarfin iska. Ka tabbata ɗakin da za ka kama yana da na'urar gargaɗin hayaƙi mai guba, ka ajiye tocila da bargo da ruwan sha. Makonka na farko ka gaisa da maƙwabtanka, ku karɓi lambar juna, ka lura ko akwai tsoho a ginin.

Babbar rigar sanyi kada ka saya sai ka iso, tare za mu je mu zaɓo. Ka turo mini ranar saukarka da lambar jirgi, in sha Allahu zan tarye ka da hula da safar hannu. Ka gaida su Baba da Inna.