Amsa ga Malama: ki shiga wa ɗalibai ta ƙofar warin baki

Malama, kin tambaya yadda za ki koya wa 'yan shekara 13 zuwa 17 tsaftar baki ba tare da sun yi ta hamma ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe ina shiga azuzuwa da wannan darasi.

Da farko hotunan ruɓaɓɓun haƙora nake nuna musu, ina tsoratar da su da giɓi a tsufa. Ko a jikinsu. Ɗan shekara 15 ina ruwansa da tsufa? Sai wata rana bayan an tashi, wata yarinya ta biyo ni, hannunta a kan baki, ta ce ƙawayenta na kau da kai in tana magana. Har yau abin na taɓa min zuciya. Tun ranar nake buɗe darasi da warin baki, kuma ajin kan yi tsit. A nan nake gaya musu yawancin warin daga can bayan harshe da tsakanin haƙora yake fitowa, inda ƙwayoyin cuta ke taruwa, don haka harshe ma yana buƙatar guga.

Ki nemi ƙwayar nan da ake taunawa ta rina dattin da ke liƙe a haƙori, ki zo da ƙaramin madubi. Ki fara taunawa da kanki, sannan wanda ya ga dama ya gwada. Wani yaro ya rantse sau uku yake goge baki, da ya leƙa madubi ya ga gindin haƙoransa duk ya rine, shi da kansa ya ce in nuna masa yadda ake riƙe buroshi. Amma don Allah kada ki taɓa nuna wani ɗalibi a matsayin misalin ƙazanta, ba zai sake sauraron ki ba.

Ƙa'idar kanta gajeriya ce: sau biyu a rana, minti 2, na dare ya fi muhimmanci domin miyau, wanda ke kare haƙora, yana raguwa a lokacin barci. Man goge baki ya zama mai fuloraid, wato sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, 1,350 zuwa 1,500 ppm (ma'aunin yawansa a cikin man), a rubuce yake a jikinsa. A tofar kawai, kada a kurkure da ruwa. Buroshi kuma a canza shi duk wata 3.

Batun zaƙi kuwa, ki ja hankalinsu kan yawan maimaitawa. Duk kurɓar lemon kwalba, asid ɗin da zaƙin ke haifarwa a baki kan ɗauki aƙalla minti 20 yana cin haƙori, wanda ke kurɓa kaɗan-kaɗan duk yini bakinsa bai samu hutu ba ke nan.

Za su tambaye ki jinin dasashi, domin yana yawaita lokacin balaga. Da yawa sukan daina goge wurin, alhali gugar a hankali ita ce maganin. In ya wuce mako 2 bai tsaya ba, ki kira ɗalibin gefe, ki sanar da iyayensa su kai shi wurin likitan haƙori.