Mai Juna Biyu Da Jininta Ya Yi Ƙasa: Shin Zoɓo Da Zogale Za Su Maye Gurbin Ƙwayar Asibiti?

Tambaya

Assalamu alaikum, Likita. Maiɗakina tana da cikin wata biyar, kuma shi ne cikinta na huɗu. Da ta je awo an gwada jininta aka ce PCV ɗinta, wato kason jajayen ƙwayoyin da ke cikin jininta, 28 ne, aka ba ta wata jar ƙwaya da wata ƙarama rawaya ta riƙa sha kullum. Tun da ta fara take fama da tashin zuciya, bayan gidanta ya koma baƙi, kuma yana yi mata wuyar fita. Mahaifiyata ta ce a ajiye ƙwayoyin, a riƙa ba ta zoɓo, da malt haɗe da madarar gwangwani, da kwaɗon zogale, domin a cewarta ƙwayar asibiti tana sa jariri ya yi girma har haihuwa ta yi wuya. Shin mu bi wannan shawara? Daga wani magidanci a Funtuwa.

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sauke ta lafiya. Shawarata ita ce kada ta ajiye ƙwayoyin nan, kuma zan kawo dalilai yadda za ka iya yi wa Hajiya bayani cikin ladabi, domin a cikin maganarta akwai abin ɗauka, akwai kuma abin da ba za a dogara da shi ba.

Mu fara da sakamakon gwajin. Ana cewa mai ciki tana da ƙarancin jini idan himogulobin ɗinta, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ya gaza giram 11 a ma'aunin asibiti, wanda ya yi daidai da PCV kusan 33. PCV 28 yana nufin nata bai wuce giram 9 da ɗoriya ba. Wannan bai kai matakin tsanani ba, wanda ke farawa daga ƙasa da giram 7, amma ya isa a ɗauke shi da muhimmanci, musamman da yake watannin da suka rage su ne waɗanda jariri ya fi jan sinadarai daga jikin uwa. Ba ita kaɗai ba ce: binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kimanin kashi 61 cikin ɗari na masu juna biyu suna da ƙarancin jini.

Jiki ba ya iya haɗa himogulobin sai da sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe. Ciki ɗaya, daga ɗaukarsa zuwa haihuwa, yana cin kimanin miligiram 1,000 na wannan sinadari, saboda yawan jinin uwa yana ƙaruwa da kusan rabi, ga kason jariri da mahaifa, ga kuma wanda za a zubar wajen haihuwa. Macen da ta haihu sau uku, musamman idan haihuwar kusa da kusa ce, galibi tana shiga ciki na huɗu ne ajiyar jikinta ta riga ta ƙare. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na ayon da miligiram 0.4 na folik asid, wani nau'in bitamin, kullum, wadda kuma aka tabbatar jininta ya yi ƙasa a ƙara mata har zuwa miligiram 120 sai ya dawo daidai. Jar ƙwayar da aka ba ta, bisa dukkan alamu, ita ce ta ayon, ƙaramar rawayar kuma folik asid ce. Babu kwanon abincin da zai ba ta wannan adadi a rana guda, komai kyawunsa.

Sai batun zoɓo. Abin da ya sa mutane suka yarda yana ƙara jini shi ne jan launinsa, alhali launin ya samo asali ne daga wani rini da ke cikin furen, wanda ba shi da alaƙa da abin da ke sa jini ya yi ja. Ayon ɗin da ke sauka cikin ruwan zoɓo kaɗan ne ƙwarai, kuma ba a tabbatar da amincin shansa da yawa ga mai ciki ba, don haka ban ba da shawarar a mai da shi magani ana ɗura mata kullum ba. Haɗin malt da madara ya fi wannan rauni. Madara tana da amfaninta ga ƙashi, amma tana cikin abincin da suka fi ƙarancin ayon, kuma kalsiyam ɗin da ke cikinta yana rage yawan ayon da hanji ke tsotsa idan suka haɗu a lokaci guda. Ƙarfin da mutum ke ji bayan ya sha malt na sukari ne, yana zuwa nan take ya wuce, jinin kuwa yana nan inda yake. Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin da iyalai ke kashewa kan gwangwanayen nan a mako guda ya isa a sayi nama ko kifi da wake, waɗanda su ne za su yi aikin da ake nema.

Zogale kuwa Hajiya tana da gaskiya a kansa, ganye ne mai albarka, yana ɗauke da ayon da bitamin A da furotin, kuma ina son maiɗakinka ta riƙa cinsa. Amma ayon iri biyu ne. Akwai na nama da kifi da kayan ciki, wanda hanji ke iya tsotse kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari nasa, akwai kuma na ganye da hatsi da wake, wanda abin da ke shiga jini daga cikinsa yakan tsaya tsakanin kashi 2 zuwa 20, sau da yawa ma a can ƙasa, saboda wasu sinadaran da ke cikin tsiron suna riƙe shi. Don haka zogale yana taimaka wa wanda jininsa yake daidai ya ci gaba da zama daidai, amma ba zai ɗaga PCV 28 cikin wata huɗun da suka rage ba. Ganyen nake nufi kawai. Saiwar zogale da ɓawonsa ba na mai ciki ba ne.

Akwai dabarun da ke sa abincin gida ya fi amfani. Bitamin C yana ƙara yawan ayon da ake tsotsa daga tsirrai, saboda haka a matsa lemon tsami a kwaɗo, a sa ɗanyen tumatir da tattasai, ta ci gwaiba ko lemon zaƙi bayan abinci, ko ta sha jiƙon garin 'ya'yan kuka. Ɗan nama ko kifi a cikin miyar alayyahu ko ta kuka yana taimaka wa ayon ɗin ganyen ya shiga jini. Jiƙa gero da wake kafin a sarrafa su, da barin gasara ta yi tsami kamar yadda ake yi wa koko, suna rage sinadarin da ke riƙe ayon. Shayi da kofi da goro kuwa suna yin akasin haka, don haka a raba su da lokacin cin abinci da na shan ƙwaya da kamar awa biyu. Hanta tana da ayon sosai, sai dai bitamin A ɗinta ya yi yawa ga mai ciki, don haka ƙoda da zuciya da jan nama sun fi dacewa a yawaita.

Illolin da take ji sanannu ne, kuma ana iya sauƙaƙa su. Baƙin bayan gida ba cuta ba ne, ragowar ayon ne da jiki bai tsotsa ba, in dai ba ya zuwa da jini ko ciwon ciki mai tsanani. Tashin zuciya yakan ragu idan ta sha ƙwayar bayan ta ɗan ci abinci ko dab da kwanciya, da ruwa ko ruwan lemo, ba da shayi ko madara ba. Taurin bayan gida kuma yana son ruwa da yawa da ganye da 'ya'yan itatuwa. Idan duk da haka ta kasa jurewa, ta faɗa wa ma'aikatan awo, domin ana iya canza mata nau'in ƙwayar, ko a sauya yadda take sha, ko a yi mata ƙarin ayon ta jijiya a asibitin da ke da shi. Abin da bai kamata ba shi ne ta daina a ɓoye, ta koma awo ana zaton tana sha. A kuma ajiye ƙwayoyin inda yara ba za su kai ba, domin suna kama da alewa, kuma yawansu yana iya kashe ƙaramin yaro.

Maganar cewa ƙwayar tana sa jariri ya yi girman da zai hana haihuwa ba ta da tushe. Abin da ayon ke yi shi ne rage haɗarin a haifi jariri ɗan mitsitsi ko bakwaini. Daga cikin manyan abubuwan da ke jawo jariri ya wuce kima akwai ciwon sukari na lokacin ciki, wanda yawan shan kayan zaƙi ke ƙara tsananta shi. Haɗarin gaske yana wajen uwa: zubar jini bayan haihuwa na kan gaba a cikin abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa, kuma jinin da mace mai ƙoshin jini za ta zubar ta tashi lafiya, shi ne zai iya kayar da wadda ta shiga naƙuda da jini kaɗan.

Wani abu kuma, ba kowane ƙarancin jini ne na rashin ayon ba. A yankinmu zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin jinin mai ciki ko da ba ta jin zazzaɓi, shi ya sa ake ba da maganin kariya na SP, wanda aka fi sani da Fansidar, daga wata na huɗu, tazarar wata ɗaya tsakanin sha da sha, aƙalla sau uku kafin haihuwa, tare da kwana cikin gidan sauro. Tsutsar ciki ma tana shan jini, kuma ana ba da maganinta bayan wata uku na farko. Ka tabbatar an san rukunin jininta na gado, wato genotype, domin mai sikila ba a ba ta ayon sai an auna an ga tana buƙata. Idan kuma tana kwaɗayin cin farar ƙasa ko taunar ƙanƙara, ta faɗa wa likita, alama ce da ke yawan tafiya tare da ƙarancin ayon.

A sake gwada jinin bayan mako uku zuwa huɗu da fara shan magani yadda ya kamata. Idan bai motsa ba, sai a zurfafa bincike. Ko ya dawo daidai za ta ci gaba da sha har ta haihu, da kimanin wata uku bayan haka, don a mayar da ajiyar da ta ƙare. Idan kuwa kafin ranar awo ta fara haki daga ɗan motsi, ko bugun zuciya da sauri, ko jiri har ta faɗi, ko kumburin fuska da ƙafafu, ko ta ga jini, a kai ta asibiti a ranar, kuma ku shirya tun yanzu ta haihu a asibitin da ke iya ƙarin jini.