Flagyl ko ORS: wanne zan fara saya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Maƙwabcinmu ya kamu da amai da gudawa, kashin fari kamar ruwan wankin shinkafa. Na ruga kemis don in yi wa yara tanadi, mai shagon ya ce in ɗauki Flagyl da kafso. Kuɗin hannuna ba su isa komai da komai. Mi ya kamata in fara saya? *Uwar yara huɗu, Mabera, Sakkwato.*

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Irin wannan kashi alamar kwalara ce. Ledar ORS, wato garin gishiri da sukari da ake jiƙawa a ruwa, za ki fara saya, da maganin zinc na yara. Flagyl kuwa bar masa abinsa, maganin atuni ne irin na amiba, ba ya taɓa ƙwayar kwalara.

Ita wannan ƙwaya, Vibrio cholerae, ba ta ma shiga jini. A bangon hanji take maƙalewa ta saki dafi. Kowace ƙwayar halitta ta bangon hanjin tana da wani makunni da ake kira Gs. In saƙo ya zo daga jiki sai ya kunnu, ya sa a samar da sinadarin cAMP, can kuma ya kashe kansa. Dafin yana kutsawa ciki ya ƙame makunnin a kunne. Kin ga injin rijiyar burtsatse da aka kunna aka tafi da makullin ɗakin? Tanki ya cika, ruwa na ta ambaliya, ba mai kashewa. Haka cAMP ke taruwa, ƙofar da gishirin jiki ke fita ta zauna a buɗe, ruwa ya bi gishirin zuwa cikin hanji. In abin ya yi tsanani babban mutum kan zubar da kusan lita guda a awa ɗaya. Ko an kashe ƙwayar cutar yau, makunnin da ya ƙame ba ya sakuwa sai hanjin ya sabunta fatarsa, kuma wannan kwanaki ne.

Sa'ar da aka yi, akwai wata ƙofa da dafin bai taɓa ba, wadda ke shigar da sukari da gishiri tare, ruwa ya biyo su. Ta nan ORS ke bi. Da shi likita Dilip Mahalanabis ya ceci ɗimbin 'yan gudun hijirar Bangaladash a 1971, lokacin da ledojin ƙarin ruwa suka ƙare masa.

Leda guda a lita guda ta ruwan da aka tafasa ya huce. Kada ki raba ledar biyu don ta yi auki, na san ana yi. Ana kurɓa kaɗan-kaɗan ko da ana amai. In idanu suka faɗa, fitsari ya ɗauke, ko kika tsunkuli fatar ciki ta ƙi komawa, a wuce asibiti nan take, Specialist ko asibitin koyarwa na UDUTH, a ɗaura ƙarin ruwa. Can ne likita zai ba da doxycycline, maganin kashe ƙwayar cutar, in ya ga da buƙata.

Tambaya: In dare ya yi ba ORS, lemon kwalba zai tsaya a madadinsa? *Wani ɗan kabu-kabu, Runjin Sambo.*

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Sukarinsa ya yi yawa, gishirin kuma kusan babu, sai ya ƙara janyo ruwa cikin hanji. Haɗa naka: ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri, a lita guda ta tafasasshen ruwa. Ka ɗanɗana kafin ka ba mara lafiya, kada gishirin ya fi na hawaye.