SSD mai tsananin gudu: in zuba jarina a kansa ko in dakata?

Tambaya: Ina sayar da kayan kwamfuta, ina kuma yi wa mutane canjin ma'ajiyar bayanai. Kwanan nan masu saye sun fara neman SSD (ma'ajiyar bayanai marar faifai mai juyawa) irin mai saurin da ake kira NVMe, wanda aka rubuta gudun megabait 7,000 a daƙiƙa a kwalinsa. Shin in daina sarin na SATA, wato masu tsohuwar hanyar haɗi, in mayar da jarin gaba ɗaya kan masu gudun? Ina ribarsu, ina kuma matsalarsu?

Amsa: Malam, kada ka daina sarin SATA, kuma kada lambar da ke jikin kwali ta yi maka lissafin sari. Abin da za ka duba shi ne irin kwamfutocin da ake kawo maka da irin aikin da masu su ke yi.

Mu fara da gudun, tunda shi ake talla. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa. SSD na SATA yana tsayawa wajen 550, domin iyakar abin da hanyar SATA ke ɗauka ke nan. NVMe kuwa ta hanyar haɗi mai suna PCIe yake bi: na PCIe 3.0 yana kaiwa 3,500, na 4.0 ya wuce 7,000 kaɗan, na 5.0 kuma har 14,000. Amma waɗannan lambobi na karanta babban fayil ne a jere. Kunna Windows, buɗe Excel, shiga manhajar lissafin kaya, duk ƙananan fayiloli ne a warwatse, kuma a nan tazarar SATA da NVMe ba ta da yawa. Wanda ka cire masa faifai mai juyawa ka sa masa SSD kowane iri zai dawo yana yi maka godiya. Wanda ka cire masa SATA ka sa masa mai 7,000, alhali aikinsa rubutu da intanet ne, zai ce bai ga inda kuɗinsa suka shiga ba, kuma gaskiyarsa ce.

Masu cin moriyar gudun na gaske su ne masu tace bidiyo mai girma, masu zanen gini, masu kwafe ɗaruruwan gigabait kullum, da masu wasanni. Misali, PlayStation 5 tana buƙatar NVMe na PCIe 4.0, kuma Sony ta ba da shawarar gudun 5,500 zuwa sama tare da ƙarfen sanyaya. Irin waɗannan su ne za su biya farashin ba tare da dogon ciniki ba. Bayan gudu, NVMe ba ya buƙatar waya ko ɗaya, ba ya yin ƙara, girgiza ba ta dame shi, kuma ɗan sukuru ɗaya ne ke riƙe shi.

Inda 'yan kasuwa suka fi yin asara shi ne gurbi. Sunan M.2, wato siririn SSD da ake sokawa a gurbi, siffa ce kawai. Akwai M.2 na SATA, akwai M.2 na NVMe, kuma wasu kwamfutocin, musamman tsofaffin laftof, gurbinsu SATA kaɗai yake ganewa. Dubi bakin: mai tsaga ɗaya galibi NVMe ne, mai tsaga biyu galibi SATA ne, amma kada ka tsaya nan, nemi littafin na'urar da lambarta kafin ka yage leda. Sai tsawo: 2280 na nufin faɗin milimita 22, tsawon 80, shi ne ya fi yawa, amma ƙananan laftof da yawa 2230 ko 2242 suke ɗauka. Wasu manya, kamar masu terabait 4, suna da guntayen ajiya (chips) a fuska biyu, siririyar laftof ba za ta rufu da su ba. Idan kuma ka sa na 4.0 a gurbin 3.0 zai yi aiki, amma a gudun 3,500 zai tsaya, kamar motar tsere ce a kan hanyar da aka ƙayyade gudu. A wasu madabod ɗin ma, wato babban allon cikin kwamfuta, da zarar ka cike gurbin M.2, ɗaya ko biyu daga cikin bakunan SATA sun mutu, sai mai kwamfuta ya dawo yana cewa ka ɓatar masa da tsohon faifansa. Windows 7 ba ta gane NVMe sai an ƙara mata direba, wato manhajar gane na'ura, kuma tsohuwar kwamfutar da ba ta da UEFI, sabon tsarin tada kwamfuta, yawanci ba za ta tashi daga kansa ba.

Sai zafi. Idan guntun da ke sarrafa SSD ɗin ya haura digiri 70 zuwa 80 a ma'aunin Salshiyos, da kansa yake rage gudu don kada ya lalace. A kwamfutar tebur ƙarfen sanyaya yana magance wannan, kuma a tuna a ɓare ledar da ke kan robar manna shi, don ana yawan mantawa da ita. A siririyar laftof babu wurin ƙarfen, saboda haka mai matsakaicin gudu da ba ya cin wuta sosai ya fi dacewa. Na 5.0 kuwa kada ka sa shi babu sanyaya.

Akwai wani abu da kwali ba ya faɗa, kuma shi ya fi jawo rigima. Kusan kowane SSD yana ware wani yanki mai saurin rubutu. Muddin yankin bai cika ba, za ka ga gudun da aka yi alkawari. Da ya cika, sai gudun ya faɗi zuwa ainihin ƙarfin guntayen. Akwai nau'in guntu TLC, akwai QLC. Masu guntun TLC suna sauka amma da sauran ƙarfi. Masu QLC, waɗanda su ne masu araha, suna iya sauka zuwa wajen megabait 100 a daƙiƙa, wato daidai da tsohon faifai. Yankin nan kuma ƙanƙancewa yake yayin da ma'ajiyar ke cika, shi ya sa ake cewa a bar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari babu komai. Don haka mai bidiyo TLC za ka ba shi, zai fi kyau ma mai DRAM nasa na kansa, wato ƙaramar ma'ajiyar wucin gadi mai sauri. QLC na mai ajiya da karantawa ne.

Game da tsawon rai, duba lambar TBW, wato adadin terabait da kamfani ya lamunce a rubuta. Samsung 990 Pro mai terabait 1 yana da 600 da garantin shekara 5, kusan gigabait 330 ke nan kullum, abin da ma'aikacin ofis ba zai kusanta ba. Crucial P3 mai terabait 1 shi ma yana da 220 ne. Garanti yana ƙarewa ne da duk wanda ya riga cika, shekarun ko rubutun. Abin tsoron ba ƙarewar rubutu ba ne, yadda yake mutuwa ne. Faifai mai juyawa yakan yi ƙara ya yi nauyi kafin ya tafi, SSD kuwa yana iya aiki da dare, da safe kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Ciro bayanai daga cikinsa yana da wuya da tsada, kuma fayil ɗin da aka goge, tsarin TRIM, mai share wuraren da aka goge a cikin SSD, yakan share shi har abada. Ka gaya wa kowane mai saye wannan da bakinka, ka sayar masa da faifan waje na ajiyar kwafi. Ka kare shi, ka kuma ƙara ciniki. Kada kuma a ɗauki SSD a matsayin wurin adana bayanai a durowa shekara da shekaru babu wuta.

Ta ɓangaren jari, farashin guntayen ajiya yana hawa da sauka sosai, kuma sabon zubi yana karya darajar na baya. Sari kaɗan-kaɗan, ka juya kuɗin da wuri. A shawararmu, cikin kowane goma, huɗu su zama SATA mai inci 2.5 don tsofaffin kwamfutoci, biyar NVMe matsakaita na gigabait 512 da terabait 1, ɗaya kacal babban mai gudu. Na 5.0 sai an ba ka kafin alƙalami sannan ka kawo. Bayan wata biyu ka duba littafinka ka gyara rabon bisa abin da ya fita. Ribar kan kayan siririya ce don kowa yana iya duba farashi a waya, mai kauri tana cikin aikin hannu: sawa, kwafe tsohon tsarin zuwa sabo, da sabunta manhajar cikin SSD ɗin. Ka yanka wa wannan kuɗinsa daban.

Jabu da tsofaffin da aka sake wa kwali suna nan da yawa. Daga kowane sari ka buɗe ɗaya ko biyu. Akwai manhajojin gwaji: CrystalDiskInfo zai nuna maka awannin da ya yi a kunne da yawan abin da aka taɓa rubutawa. Sabo bai kamata ya nuna ɗaruruwan awanni ba. CrystalDiskMark zai auna gudu, H2testw kuma zai cike shi ya tabbatar girman na gaske ne. Terabait 1 yana fitowa gigabait 931 a Windows, wannan bambancin lissafi ne, ka sanar da mai saye tun kafin ya zarge ka. A rasit ka rubuta lambar jikin SSD ɗin da ranar sayarwa, ka kuma yi yarjejeniya a rubuce da dilanka kan kwana nawa yake karɓar wanda ya mutu, da wanda zai biya kuɗin mayarwa.